Yadda Na Raka Jatau Cire Haƙori a Urdun

Tun ran da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da zarar na zauna a teburin Malam Habu mai shayi a unguwar Sa'alaba sai a kewaye ni. Wannan ya ce yaya sanyin ƙasar, wancan ya ce wai da gaske ne dabba tana da asibitinta, shi kuwa Ɗan Tani mai maganin gargajiya kullum tambayarsa ɗaya ce, ina tsarabarsa. Na gaji. Bayana bai daina ciwo ba tun daga kujerar motar nan, kuma labarin ba irin wanda baki ke jin daɗin maimaitawa ba ne. Shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya a miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, mutumin Tasawa, ko da yake a iƙamata, wato takardar zamana a Saudiyya, Yusuf aka rubuta. Shekarata ashirin da shida a Jidda, sha biyar daga ciki ina gadin gidan hutun kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, a unguwar Khumra, can cikin ɗakunan ajiyar kaya. Jatau kuwa dabba ne. Larabawa suna ce wa irinsa dubb, 'yan boko suna cewa beyar, mu a Tasawa ba mu da shi balle mu san sunansa. In ya miƙe a kan ƙafa biyu ya fi ni tsawo, gashinsa launin busasshiyar ciyawa, shi ya sa na sa masa Jatau. Kafilina ya saye shi yana ɗan ƙarami a hannun wani da ya zo da shi daga Sham, don yaransa su yi wasa. Yaran suka girma suka tafi makarantu, shi ma ya girma, aka zuba masa siminti aka kafa masa keji mai tsawon taki huɗu. Daga nan ya zama nawa, ba don an ba ni ba, sai don ba wanda ya sake waiwayarsa.

Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da shi, kuma ina alfahari da hakan. Duk abin da baƙin daren Alhamis suka rage nasa ne: shinkafa, kayan zaƙi irin su kunafa da basbusa, har lemon kwalba, wanda yake riƙewa da hannu biyu ya shanye. Ranar da babu baƙi in dama masa kunu da sukari. Kowace asuba kuma, da na sallame salla, sai in ƙirga dabino bakwai in miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. A bara ya fara dafe muƙamuƙi yana kuka, kuncinsa ya kumbura, bakinsa yana wari. Na yi masa abin da za a yi wa mutum a gida, na daka kanumfari na cusa a cikin dabinon. Ya lafa kwana biyu ya dawo.

Da Allah ya yi wa kafilina rasuwa, magada suka sayar da filin za a gina ɗakin ajiya. Babban ɗansa ya ce a nemo mai bindiga a huta. Ƙanwarsa ce ta hana, ita ce wadda take goya Jatau a zanenta yana ƙarami. Ta bincika har ta gano wani wuri a tsaunukan Urdun, ƙasar da rediyo ke kira Jodan, inda ake karɓar dabbobin da aka wahalar ana yi musu magani. Suka ce a kawo shi. Matsalar ita ce Jatau ba ya shan ruwa a hannun kowa sai nawa, don haka aka buga mini takardar fita da dawowa. Ban so tafiyar ba, gwiwoyina sun tsufa. Amma in ban je ba mai bindiga zai zo, wannan na sani.

Motar barrada ce, wato mai sanyi, irin wadda ke dakon tumatir. Direban Bakur ne, haifaffen Kurayyat, jikan mahajjata, mai tumbi da 'ya'ya uku. Hausarsa rabi ce, in ta ƙare masa ya cike da Larabci. Na yaudari Jatau da dabino ya shiga akwatin ƙarfe, aka ɗaga aka sa a mota, muka bar Khumra da hantsi. Ba mu wuce Jidda ba Jatau ya juya a cikin akwatinsa, motar duka ta girgiza.

"Ya ammi," in ji Bakur, yana riƙe sitiyari da ƙarfi, "wannan ɗan naka, in ya fito, ni zai fara ci walla kai?"

"Kai mana. Wa zai bar tsoka ya ci ƙashi?"

"Halas. Ni daga yau ba na sauka bayan mota."

Ya kuwa cika alkawari. Duk bayan sa'a uku ni kaɗai nake hawa in ba Jatau ruwa. Mutanen Urdun sun aiko da takarda cewa a hanya a ba shi tuffa da dafaffen karas kawai. Na ba shi, ya shinshina ya juya mini baya. Sai na sa hannu a aljihu na ciro masa dabino. Na ce a raina takarda ba ta san Jatau ba, ni na san shi.

A Rabigh muka ci kifi da jar shinkafa a wurin wani Bayamale. Ƙamshin ya kai wa Jatau, ya fara dukan ƙarfe, kafin mu wanke hannu mutum ashirin sun taru a bayan mota. Wani tsohon Balaraben ƙauye ya leƙa ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko ana layya da shi. A garin Duba muka kwana a masaukin direbobi, a kan dogayen gadajen igiya da aka jera a fili, iskar teku tana shiga ƙashi. Da safe wuyana ya ƙi juyawa, sai da na yini ina kallon mutane da gefen ido kamar mai jin haushinsu.

Daga Tabuka zuwa iyaka ba nisa, amma Bakur ya manta lissafin kwanaki, muka isa ranar Juma'a, mai duba dabbobi ba ya nan sai washegari. Muka shiga layin manyan motoci muka zauna. Direbobin Sham da na Turkiyya suna da akwati a cikin motarsu mai buɗewa ya zama teburi, da risho da komai, suna ta miƙo mana shayi a ƙananan kofunan gilashi. Wani dattijon Baturke ya ce mini da gurguwar Larabcinsa, yana yaro ana yawo da irin Jatau a titunan garinsu, an huda musu hanci da zobe ana kaɗa musu ganga suna rawa, amma yanzu an hana, an kwashe su an kai wani daji da likitoci. Na ce masa mu ma haka gardawa suke yi da kura. Na ƙara da cewa ni dai ban taɓa dukan nawa ba, ya gyaɗa kai.

Washegari ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya karɓi takardunmu. Nawa fasfo ne da iƙama da takarda ɗaya. Na Jatau kuwa kundi ne guda, da hotonsa, da hatimai, har da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da likita ya sa masa a ƙarƙashin fata tun a Jidda, in an kara wata na'ura sai ta yi ƙara lambarsa ta fito. Ma'aikacin ya auna kundin a hannu ɗaya, nawa a ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Ya Hajji, a cikinku wane ne kafilin wani?" Na yi dariya don a sake mu, amma maganar ta bi ni har cikin mota.

A ɗaya gefen iyakar muka tarar da likitar wurin tana jiranmu, Daktora Huda, gajeruwar mace da ɗankwali da takalmin roba har gwiwa. Ba ta gaishe mu ba sai da ta hau mota ta gaida Jatau. A gida da an ce ba ta da tarbiyya. Ta haska bakinsa da tocila, ta matsa ta shinshina, na ga fuskarta ta sauya. Da ta sauko ta ce, "Sannu da hanya, Hajji Yusuf. Me yake ci?" Na lissafa mata duka, ina ƙarawa da cewa bai taɓa kwana da yunwa ba. Ta rubuta a littafinta, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

Wurin yana kan tudu cikin itatuwan zaitun, ga sanyi kamar ana yanka kunne. Bakur ya sauke mu, ya yi lodin kayan lambu ya koma Jidda, ya ce zai biyo ta kaina a zuwa na gaba. Aka ba ni ɗaki da murhun kananzir tare da Abu Salim, dattijon da ke shugabantar masu kula da dabbobin. Ranar farko ya yi mini abincinsu na girmama baƙo, shinkafa da naman rago an kwarara musu nono mai tsami da zafinsa, kuma a tsaye ake ci, hannu ɗaya a baya. Na ce masa a garinmu nono na fura ne, mai ci a tsaye kuma faɗa ake yi masa. Ya ce a zaune ciki ba ya ɗaukar abin kirki. Na ci don kunya, cikina ya yi kwana biyu yana ƙara.

Akwai irin Jatau guda uku a wurin, kowanne da fili mai faɗin gona, da tafkin wanka, da ramin kwana. Ɗaya makauniya ce da aka karɓo daga masu wasa da dabbobi, an yi mata aiki a ido ɗaya ta fara gani. Wani kuma an koya masa ya zura hannu ta cikin bututu a ɗebi jininsa yana tsaye, ladansa ƙwayar inabi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda suke ba su abinci. Sai su ɓoye shi a ƙarƙashin duwatsu da cikin kututture, dabba ta yini tana nema.

"Wannan ai mugunta ce," na ce wa Abu Salim. "Mu ko kare a kasko muke zuba masa."

"Wanda ke neman abincinsa ba ya haukacewa," in ji shi. "Naka ba ya kaɗa kai yana kai da komo?"

Yana yi. Shekara da shekaru yana yi, ni kuwa na ɗauka wasa ne.

Aka bar Jatau ya huta kwana huɗu a ɗakin killacewa. Ana gobe za a yi masa aiki Daktora ta tara mu ta yi bayani da Larabcin da ko yaro zai gane. Daga magariba kada ya ci komai, domin in an yi masa allurar barci abin da ke cikinsa zai iya tasowa ya shiga huhu ya kashe shi. Ta dube ni ta maimaita. Na ce na ji. Ina so masu karatu su riƙe wannan, kada wani ya ce don a wanke ni rashin sani ne. Na ji, kuma na gane.

Da asuba na sallame salla na fito, hanyar ta biyo ta ƙofar ɗakinsa. Ya ji takuna. Ya yi ɗan kukan nan da yake yi ta hanci, ya zuro hannu ta tsakanin ƙarafa ya buɗe tafin. Na tsaya. Na ce a raina yau za a yanka bakin bawan Allah nan a ƙasar da bai san kowa ba, kuma a bar shi da yunwa? Ko azumin farilla ai da sahur. Mu ba ma sallamar mai shiga wahala da ciki wayam, ko gawa za ka raka sai an ce ka sa wani abu a bakinka. Na cire ƙwallayen dabino bakwai na ba shi. Ya sake buɗe tafin, na ƙara masa rabin burodin da na jiƙa da shayi. Sabo turken wawa, haka Hausawa suka ce, kuma da ni suke.

Da hantsi Daktora ta zo da mutanenta. Ta tambayi Abu Salim, ya ce bai ci ba. Ta juyo gare ni.

"Hajji Yusuf, bai ci komai ba?"

Mutum shida suna kallona. Ni dattijo, da furfura, in ce na saɓa maganar da aka yi mini jiya? Na ce, "Bai ci ba."

Ta busa masa allura ta wani dogon bututu, ya yi tangaɗi ya kwanta. Muka ɗauke shi mu shida a kan tamfol zuwa wani ɗaki fari fat, mai fitilu da na'urori, wanda ban taɓa ganin irinsa ba ko a asibitin mutane na garinmu. An maƙala masa wani abu a harshe yana ƙirga bugun zuciyarsa da ƙara. Tana shirin zura masa bututun numfashi sai cikinsa ya motsa, ya motsa kuma, abin ya taso. Na ga ɓawon dabino a kan farin teburin. Ƙarar na'urar ta sauya.

"Ku sunkuyar da kansa! Ƙasa!" Ta cusa hannunta har wuyan hannu a bakin da ke iya karya ƙashin raƙumi, tana kwashewa, wani yana zuƙewa da na'ura. Harshen Jatau ya fara yin shuɗi.

"Ni ne," na ce. Ba wanda ya ji, sai na ɗaga murya. "Daktora, ni ne."

Ba ta ɗago ba. "Nawa? Yaushe?"

"Bakwai, da rabin burodi. Bayan asuba."

"Fita."

Na zauna a kan dutse a waje, sa'a uku, sanyi yana cina ban ji ba. Na kawo shi tafiyar kwana uku don in tsere da shi daga mai bindiga, ga shi na zo na yi aikin mai bindigar da hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Abu Salim ya fito sau ɗaya ya ɗora mini bargo a kafaɗa ya koma.

Da ta fito rigarta duk jini. Ta zauna a dutsen da ke kusa da nawa, ita ma a gajiye. Ta ce yana numfashi, ta ci gaba da aikin don ba ta son ta sake sa shi barci karo na biyu, amma wani abu ya shiga huhun, sai an ga kwana uku. Sannan ta ce, "Da ka gaya mini da safe, da mun ɗaga zuwa gobe. Shi ke nan abin da zai faru, Hajji. Ba wanda zai zage ka." Ta ɗaga wani baƙin hoto ta saitin rana, hoton ƙashin bakinsa. Ta nuna mini fiƙa biyu da suka karye, ta ce wannan cizon ƙarfen keji ne. Ta nuna turame huɗu masu baƙaƙen ramuka har cikin muƙamuƙi, ta ce wannan zaƙi ne, kuma ya kai shekara biyar yana kwana da ciwon. Duka shidan ta cire.

"Na san ba wanda ya kula da shi sai kai," ta ce. "Ba don kai ba da bai kai yau ba. Amma ba ni abin da ke aljihunka."

Na juye mata aljihuna biyu, na je ɗaki na ɗauko buhun dabinon da na taho da shi na kawo.

Zazzaɓi ya kama shi washegari. Dole ya sha ƙwayoyi safe da yamma, ya ƙi karɓa a hannun kowa, ya kwanta ya juya wa duniya baya. A rana ta biyu Daktora ta aiko a kira ni. Ta buɗe buhuna da kanta, ta ɗauki dabino ɗaya ta cusa ƙwaya a ciki ta ɗora mini a tafi. "Ɗaya," ta ce, "kuma ina tsaye." Na durƙusa na kira shi. Ya daɗe kafin ya jawo jiki ya karɓa da leɓe. Haka muka yi kwana biyar, tana ƙirgawa ina miƙawa. Daga nan ta sa Abu Salim ya tsaya kusa da ni, sannan ya zama shi ke miƙawa ina tsaye, sannan aka ce in koma bayan bango. Na gane abin da ake yi, ana yaye shi ne daga gare ni. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi.

Ana jibi Bakur zai zo aka buɗe wa Jatau ƙofar wani ɗan fili mai ƙasa da ciyawa. Ni ina leƙe ta wata kafa, an gargaɗe ni kada in kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kai rabin sa'a. Ya taɓa ƙasar da hannu ya janye, don tun yana ƙarami bai taka komai ba sai siminti. Da ya fito, sai ya yi taki huɗu ya juya, ya yi huɗu ya juya, ga fili a gabansa ba abin da ya tare shi. Daktora ta ce haka suke yi, wani wata uku, wani shekara, amma suna dainawa. Har na baro wurin bai yi na biyar ba. Sai dai na ga ya tono karas daga ƙarƙashin dutse ya ci da sauran haƙoransa, bai dafe kunci ba.

Komowa ba ta da labari. Bakur ya yi ta surutu har Tabuka, da ya ga ba na amsawa ya kunna karatun Alƙur'ani ya ƙyale ni.

Ɗan Tani, kai da ka ce in roƙo maka gashi ko kitse ko haƙori ka haɗa magani, ban roƙa ba, kuma da na roƙa ba za su bayar ba. Tsarabar da na kawo ɗaya ce, hoton nan baƙi, Daktora ta ba ni shi ran da zan taho. Yana cikin jakata, duk mai so ya zo ya ɗaga shi ta saitin rana ya ga ramukan. Ni na haƙa su, kuma da ƙauna na haƙa su, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan.

Yanzu ina kwana a ɗakin wani ɗan garinmu kafin a sama mini wani gadin. Jiya ma da na sallame sallar asuba na tarar da dabino a tafina, na ƙirga su bakwai, ban san lokacin da na ɗebo ba. Na daɗe ina kallonsu, sannan na mayar da su cikin leda ɗaya bayan ɗaya.